A Bar Ta Tsaye Kafin A Dasa Sabuwa

Ya ku ɗalibai, bari in fara da tambaya kamar yadda muka saba a aji. Ku dubi babbar bishiyar da ke harabar makarantarku, ko mangwaro ce, ko darbejiya, ko iroko. A da can 'yar ƙwaya ce wadda yaro zai iya rufewa a tafin hannunsa. Yau kuwa ko ƙarti ashirin ba za su iya ɗaga ta ba. To, daga ina duk wannan nauyi ya fito?

Duk lokacin da na yi wannan tambaya, amsa ɗaya nake samu: "Daga ƙasa, Malam." Amsar ta yi kama da gaskiya. Amma da a ce daga ƙasa bishiya take ɗibar jikinta, da mun riƙa ganin wawakeken rami a gindin kowace kuka. Ba ma ganin haka.

Kusan shekara 400 da suka wuce, wani likita mai suna Jan van Helmont, mutumin ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, ya so ya san gaskiyar al'amarin. Ya busar da ƙasa, ya auna wajen kilo 90, ya zuba a cikin babbar tukunya. Ya dasa 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗan kai. Shekara 5 yana ba ta ruwa kawai. Da ya tumɓuke ta ya auna, sai ya ga ta kusa kilo 77. Ƙasar kuwa, abin da ta rage bai wuce nauyin ƙwan kaza guda ba. Sai likitan ya ce ai daga ruwa bishiyar ta samu jikinta. Ya yi daidai a gefe ɗaya, domin akwai ruwa a cikin lissafin. Abin da ya kuɓuce masa shi ne iska. Babban kason busasshen itace daga iska yake fitowa.

Ni malamin harshe ne, kuma da kalmomin gida zan bayyana muku yadda abin yake. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wata 'yar iska da ake kira kabon dayoksaid. Don sauƙi, za mu riƙa ce mata iskar kabon. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita muke fitarwa idan mun yi numfashi, ita ce kuma take fita daga wutar murhu da injin mota da janareto. A jikin kowane ɗanyen ganye akwai ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya iya gani. Ta nan iskar kabon take shiga. Saiwoyi kuma su jawo ruwa daga ƙasa su aika sama. Sai ganye ya haɗa iskar da ruwan, ya dafa su da hasken rana. Ganye shi ne madafa, rana ita ce wuta, abincin da ake saukewa kuwa sukari ne. Bayan an gama girki, ganye ya saki iskar oksijin, wadda ni da ku ba za mu rayu ba sai da ita.

Bishiya takan ci wajen rabin wannan sukari don ta rayu, kuma kabon ɗin da ke cikinsa ya koma iska. Sauran rabin shi take gina jikinta da shi: gangar jiki, da rassa, da ɓawo, da saiwoyi, da 'ya'ya. Saboda haka idan kuka busar da itace sarai, kusan rabin nauyinsa kabon ne. Kuna son ku ga kabon da idonku? Ku dubi gawayin da mai gasa masara take fifitawa a bakin titi. Wannan baƙin abu shi ne kabon ɗin da bishiya ta tara daga iska shekara da shekaru. Idan ya ci wuta, ya koma inda ya fito. Kowane kilo ɗaya na kabon da ya ƙone yakan haɗu da oksijin ya zama kilo 3 da rabi da 'yan kai na iskar kabon.

A ƙasar Hausa, manomi yakan gina rumbu a gidansa. Rumbu shi ne ɗakin ajiyar hatsi, na laka ko na kara, inda ake zuba gero da dawa bayan girbi. Ku riƙe wannan kalma, domin bishiya ma rumbu ce. Sai dai ku lura da abu ɗaya. Abin da ke cikin rumbu ajiya ce, kuma ajiya tana nan ne muddin rumbun yana tsaye. Ranar da aka sare bishiya aka ƙone ta, ko ta faɗi ta ruɓe, an fasa rumbun ke nan.

Me ya sa wannan ajiya ta dame mu? Iskar kabon tana riƙe zafin rana a kusa da ƙasa, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Kaɗan daga cikinta alheri ne, domin ba don ita ba da duniya ta daskare. Amma idan ta yi yawa, zafi ya yi yawa, lokacin damina ya rikice, a samu fari a nan, ambaliya a can. Kafin a fara ƙona kwal da man fetur a masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska, wajen kashi 280 ne iskar kabon. A shekarar 1958 wani Ba'amurke mai suna Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa, a tsibirin Hawai. A lokacin ta kai wajen 315. Yau ta haura 420.

Akwai wani abu a cikin awon Keeling da ke ba ni sha'awa ƙwarai. Adadin yana hawa shekara bayan shekara, amma ba a miƙe yake hawa ba. A kowace shekara yakan ɗan sauka daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, sa'an nan ya sake tashi. Dalili shi ne, mafi yawan ƙasar tudu da dazuzzuka suna arewacin duniya. Idan bishiyoyin can suka yi sabon ganye, sai su zuƙe iskar kabon mai yawa har na'ura ta nuna. Idan sanyi ya zo ganye ya kaɗe ya ruɓe, sai iskar ta dawo. Sai ka ce duniya tana jan numfashi sau ɗaya a shekara.

'Yan Adam suna sakin wajen tan biliyan 40 na iskar kabon kowace shekara. Ba dukanta take zama a sama ba. Teku takan shanye wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Tsirrai da ƙasar tudu sukan ɗauke wajen kashi 30 cikin 100. Sauran, wato kusan rabi, shi yake taruwa a sama. Ku duba girman aikin da daji yake yi mana, ba albashi, ba godiya.

Yanzu ku sauke idonku daga rassa, ku dubi ƙarƙashin ƙafarku, domin babban rumbun yana can. Masana sun ƙiyasta cewa a cikin mita ɗaya ta saman ƙasa, a duniya duka, akwai wajen tan biliyan 1,500 na kabon. Wannan ya fi wanda ke cikin iska da wanda ke jikin dukan tsirrai idan an haɗa su. Yaya ya shiga can? Ganye yakan faɗi. Saiwa takan mutu a inda take. Gara da tana da wasu ƙananan halittu marasa ƙidayuwa su ci, su narkar, su cuɗa da ƙasa. Wani kason ya koma iska nan da nan, wani kuma ya manne da laka ya zauna shekaru masu yawa, wani har ɗaruruwan shekaru. Saiwoyi masu rai ma sukan ɗiga sukari a cikin ƙasa don ciyar da waɗannan halittu, su kuma su taimaka wa saiwoyin wajen samun ruwa da gishirin ƙasa. Wannan ne ya sa ƙasar gindin bishiya da ta tsohon juji take da duhu da laushi, ƙasar da aka gaji da nomawa kuwa ta yi fari ta zama rairayi. Manomin da bai taɓa jin kalmar kabon ba ya san baƙar ƙasa ta fi albarka. Abin da yake kira ƙarfin ƙasa, kabon yana cikinsa.

Inda ruwa ya kwanta, ajiyar ta fi daɗewa, domin halittun da ke ruɓar da ganye ba sa samun iskar da za su yi aiki. A shekarar 2017 masu bincike suka bayyana cewa a tsakiyar kurmin Kwango akwai wata makekiyar fadama wadda matattun tsirrai suka taru a ƙarƙashinta tsawon dubban shekaru, kuma tana riƙe da wajen tan biliyan 30 na kabon. Haka ma taɓon da ke ƙarƙashin itatuwan bakin teku na yankin Neja Delta, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a cikin ruwa kamar ƙafafu. Kurmin irin waɗannan itatuwa da ke Nijeriya shi ne mafi girma a Afirka. Wasu daga cikinku sun sha ratsa shi a kwale-kwale.

Duk wannan shimfiɗa ce. Ga ra'ayina. Mun fi son dasa bishiya a kan tsare ta, kuma wannan kuskure ne.

Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda aka shirya bikin dashen itatuwa. An gayyaci manyan baƙi. Da aka ga filin taro ya yi kaɗan, sai aka sare wata tsohuwar darbejiya da ke bayan ajinmu, don a samu wurin kafa rumfa da ajiye motoci. Ranar biki aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, kowane baƙo ya sa ɗan tsiro a rami ya zuba ruwa da buta. Sai hutu ya zo. Ba a ce wa kowa shi ne zai riƙa ban ruwa ba, ba a kuma yi shinge ba. Da muka dawo, awaki sun cinye wasu, rana ta ƙone saura. Na tsaya a kan kututturen darbejiyar nan ina lissafi. Bishiyar da ta yi shekaru da yawa tana tara kabon ta tafi murhu cikin mako guda. Ko da tsire-tsiren nan duka sun rayu, sai sun yi shekaru masu yawa kafin su biya bashin da aka ci a wannan rana. Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Kada ku ɗauka ina ƙin dashe. Inda ƙasa ta zama fako, ba saiwa ba iri, dole a dasa. A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, daga Senegal zuwa Jibuti, kuma jihohi 11 na arewacin Nijeriya suna cikinsa. Shiri ne mai kyau. Amma dashe aikin minti biyar ne, reno kuwa aikin shekaru ne, kuma reno ba ya fitowa a hoto. Idan aka gaya muku an dasa bishiya dubu, ku tambaya guda nawa suka ga damina ta uku.

Akwai wata hanya da ta fi dashe arha, kuma manoman ƙasar Hausa ne suka nuna wa duniya amfaninta. A farkon shekarun 1980, yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya kusa zama fili fetal. An sare bishiyoyi don noma da itacen girki, fari kuma ya zo ya ƙara. Iska tana kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka. Wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana can yana raba dashe, amma yawancinsu mutuwa suke yi. Wata rana a shekarar 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Sai idonsa ya kai kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen da kyau, ya gane ashe bishiya ce da aka sare, kututturenta yana tofo. Saiwoyin suna nan da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Duk shekara sukan fito da tofo, duk shekara kuma a sassabe shi kafin shuka.

Dabarar ba ta da wuya. Idan manomi ya zo sassabe, wato sharar gona kafin damina, ba zai sare tofon duka ba. Zai zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse saura, ya tsare su daga wuta da dabbobi. Tun da tsohuwar saiwa ta riga ta yi nisa a ƙasa, tana kaiwa ga ruwan da ɗan dashe ba zai kai ba, sai tofon ya girma da sauri ba tare da ban ruwa ba. Manoman can suka sa wa wannan aiki suna sassabin zamani. Da farko wasu sun yi wa masu yinsa dariya, suna cewa gonarsu ta yi ƙazanta. Akwai kuma wata matsala: a da doka ta mayar da bishiyoyi kamar mallakar hukuma, saboda haka manomi bai ga dalilin renon abin da ba nasa ba. Da aka sassauta, ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, sai aikin ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye, daga Maraɗi har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da bishiyoyi wajen miliyan 200.

Ɗaya daga cikin bishiyoyin da suka dawo shi ne gawo, kuma ya kamata ku san shi, domin halinsa dabam ne. Sauran bishiyoyi da damina suke yin ganye, su kaɗe da rani. Shi gawo da damina yake zubar da nasa. Saboda haka gero da ke ƙarƙashinsa yana samun rana, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su huta a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gona. Manoman nan ba don su gyara iskar duniya suka bar gawo da kalgo da sabara ba. Sun bar su ne don hatsi da abincin dabbobi da itacen girki. Ajiyar kabon ta biyo baya, a rassa da saiwoyi da ƙasa. A ganina wannan shi ne sirrin nasararsu. Bishiyar da take ciyar da mai ita ba ta buƙatar mai gadi.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, magana tana da sauƙi. Da me uwata za ta dafa abinci?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na yarda da mai zagin matar da ta ɗauko itace alhali shi da gas yake girki. Amma akwai bambanci tsakanin datse reshe da sare gindi. Reshe yakan dawo. Akwai kuma murhu mai tattalin itace, wanda yake tattara zafi a gindin tukunya, ba kamar duwatsu uku da iska ke kwashe wutarsu ba. Babbar ɓarna tana wurin masu kayar da manyan bishiyoyi suna loda gawayi da katako a manyan motoci, ba su dasa ba, ba su bar kututture ya tofo ba.

Sai kuma wutar daji, wadda ku da kanku kuke gani da rani, a kudu da arewa. Wani lokaci don a kama gafiya ko zomo ake cinna ta. Ciyawar da ta ƙone za ta sake fitowa da damina, ta mayar da kabon ɗinta, wannan gaskiya ne. Amma wutar ƙarshen rani mai tsananin zafi takan kashe ƙananan bishiyoyi, ta cinye busasshen ganyen da ya kamata ya zama abincin ƙasa, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya wanke ta. Idan ana haka kowace shekara, rumbun ƙarƙashin ƙasa yana yoyo ba mu sani ba.

Wani kuma zai ce: "Ai ba mu muka ɓata iskar ba." Shi ma yana da hujja. Afirka duka wajen kashi 4 cikin 100 take fitarwa na iskar kabon da ke fitowa daga kwal da mai da gas. Waɗannan abubuwa kuwa kabon ne da tsirrai da ƙananan halittu suka ajiye a ƙarƙashin ƙasa tun miliyoyin shekaru, aka tono shi ana ƙonewa cikin ɗan lokaci. Babu yawan bishiyar da za ta iya shanye shi duka. Dole ƙasashe masu manyan masana'antu su rage abin da suke ƙonewa, kada su ɓuya a bayan dashen da ake yi a ƙasashen talakawa. Daji ma yana da iyakar abin da zai ɗauka. A shekarar 2021 wani bincike ya nuna cewa kudu maso gabashin kurmin Amazon, a Barazil, ya koma yana fitar da iskar kabon fiye da yadda yake sha, saboda sara da ƙuna da fari. Amma duk da haka, idan kurmin Kuros Riba ya ƙare, ko na Okomu a jihar Edo, ko na Omo a jihar Ogun, mu ne za mu fara rasa inuwa da rafuka da ƙasar noma, kafin kowa a duniya ya ji a jikinsa.

Ban ƙarasa muku labarin darbejiyar nan ba. Da damina ta sauka, kututturen ya fito da tofo fiye da goma. Na kira ɗaliban ajina, muka zaɓi uku muka bari, muka datse saura da adda, muka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Ba mu taɓa ba ta ruwa ba. Kafin in bar makarantar, rassan sun wuce tagar ajinmu tsawo, har masu tallan gyaɗa sun fara zama a gindinta lokacin tara.

A kan hanyarku ta komawa gida yau, ku nemi kututture ɗaya da yake tofo, a gefen gona ko a bayan gida. Ku tsinko ganye guda, ku tambayi wani dattijo sunan bishiyar a harshenku. Gobe ku zo da ganyen aji, mu nemo sunanta da Hausa.